Inda Rakiyar Baba Ta Tsaya

Mahaifinmu mutum ne mai rakiya. A Garwa ta wancan zamani, in ka ce mai rakiya a unguwarmu, kowa ya san wanda kake nufi. Baƙo zai zo zaurenmu, a sha fura, a yi zancen gishiri da goro, in ya miƙe zai tafi sai Baba ya zura takalmi. Baƙon ya ce, "A'a Alhaji, koma, na gode." Baba ya ce, "Bari dai in taka maka." Takawar nan tana iya kai su bakin kasuwa, tana iya kai su bakin Binuwai inda jiragen ruwa ke tsayawa da damina. An taɓa yin wani baƙo da Baba ya raka har ƙofar gidansa, shi kuma kunya ta kama shi, ya juyo ya rako Baba. Mahaifiyarmu ta ce in ba a fita an raba su ba, haka za su wuni suna kai juna.

Ni ban gaji zaman zaure ba. Tun ina saurayi ƙafata ta fita, Kuseri, Njamena, Duwala, Legas, daga baya Jidda da Dubai, har ƙasar Sin sayen kaya. Duk inda na sauka nakan lura da yadda ake sallamar baƙo, ban san dalili ba, wataƙila don gidan da na fito. Bafaranshe zai ba ka hannu, ka ji ƙarar makulli kafin ka gama juyawa. Wani ɗan kasuwa a Sin ya taɓa raka ni har bakin mota, ya tsaya cikin ruwan sama yana ɗaga hannu, sai na ji kamar na san shi tun da. Da gwiwa ta fara ba ni labari na dawo gida na zauna, in dai za a kira abin da nake yi zama. Nakan fita da safe ba tare da inda zan je ba, in zaga kasuwa, in dawo, in sake fita.

'Yata ta biyu ce ta kawo maganar gidan tarihi. Ita da wasu jikokin fatake sun sami wani tsohon sito kusa da bakin kogi, suka gyara shi, suka bi gida-gida suna tattara abin da ya rage na zamanin jiragen ruwa: babban sikelin da ake auna gyaɗa da auduga, akwatunan ƙarfe, kwandunan goro, tsofaffin hotuna. Ta daɗe tana wannan wahala, har ta rame. Sai suka haɗu da wani injiniya, mutumin kudu ne mai yawan fara'a, ya kawo musu mutum-mutumi, wanda kowa a wurin ke kira robo. Tsayinsa ya kai ƙirjina, yana tafiya a kan taya, a wurin kai kuma akwai allon gilashi. Aikinsa ya tarbi baƙi, ya zaga da su yana yi musu bayani. Suna so a sa masa fuskar wani farke na gaske, ba zane ba.

"Abba," in ji 'yata, "ka ba mu hoton Kaka."

Hoto ɗaya Baba ya bari, wanda aka ɗauke shi da zai tafi Makka. Na taɓa ganin irin wannan na'ura a wani gidan tarihi a ƙasashen Larabawa, ta yi mini magana ta fuskar wani matuƙin jirgi, kuma abin ya burge ni. Na ba da hoton. Murya kuwa Baba bai bar ko ɗaya ba, don haka tawa aka ɗauka. Na yi ta zuwa siton da safe ina zama gaban makirfo, ina faɗin abu ɗaya da Hausa, da Fillanci, da Faransanci, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, wanda tun ina da baƙin gemu shi ne dai a jikin bango.

A gidana akwai Yaya, babbar 'yar Baba. A Mora ta yi aure, a can ta tsufa, mijinta ya rasu a can. Da hare-hare suka yi yawa ta taho wurina da ƙullin kaya ƙwaya ɗaya, ta shiga ɗakin da na ba ta, ba ta cika fita ba. Ita ce ta yi jinyar Baba a ƙarshen rayuwarsa, lokacin ni rabin shekara ina hanya. Na gaya mata batun hoton, ta ce ai hoto ne, a kai. Ashe ita a tunaninta a bango za a rataye shi.

Ana gab da buɗe wurin 'yata ta ɗauke mu a mota mu je mu gani. Muna shiga, robo ya gungaro daga cikin ɗaki, allon ya yi haske, sai ga Baba da hularsa da ɗan gemunsa, yana ƙifta ido. Ya yi sallama da muryata. Yaya ta amsa. Kafin in riƙe ta, ta dafa sandarta ta durƙusa, tsohuwar da ko sallah a zaune take yi.

"Ina gajiya, Baba?"

"Ba gajiya. Sannu da zuwa, sannu da hanya."

'Yata ta ce, "Gwaggo, na'ura ce fa."

"Na sani, ba hauka nake ba. Ɗaga ni."

Na yi tsammanin za ta yi zancen halal da haram, na ma shirya abin da zan ce. Ba ta yi ba. Ta bi shi ɗaki-ɗaki tana jan ƙafa, yana nuna mata sikeli, yana ba ta labarin yadda jirgi ke zuwa in ruwa ya cika, a sauke gishiri a loda gyaɗa kafin kogi ya ja baya. Da injiniyan ya taɓa wani abu, Baba ya juye Faransanci, ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin ta baro Mora.

"Baba da Faransanci! Shi da in nasara ya zo sai an aika neman tafinta. Lallai an yi karatu a lahira."

Muka zo ƙofar fita. A ƙasa, kafin dokin ƙofa, an manna wani layi ruwan ɗorawa. Robo ya tsaya a kansa, ya ce ya gode da ziyara, Allah ya kiyaye hanya. Yaya ta tsallake dokin ƙofar da ƙyar, ta juyo don ta faɗi abin da duk baƙon Baba ke faɗi. Ta fara, "Koma, Baba, na go..." Sai ta tarar da bayansa take magana. Ya riga ya juya, yana gungarawa ciki, ba abin da ke kallonta sai farar roba da ramin da ake soka waya.

Muka shiga mota. Sai da muka isa gida ta zauna a kan tabarmarta ta ce, "A cire shi."

Na ce, "Yaya, ai kin ji daɗi, har dariya kika yi."

"Na yi. A cire shi. Mutane za su zo daga Yagwa, daga Tuboro, jikokin waɗanda ya raka har bakin kogi, su ga ya juya musu ƙeya a bakin ƙofa. Waɗanda ba su san shi ba kuma su tafi da cewa haka yake. Kai ka ba da fuskarsa, kai za ka karɓo."

'Yata ta durƙusa gabanta ta yi bayani. In aka cire fuskar, duk aikin ya rushe, don a kanta aka gina komai, kuma an riga an gayyaci mutane. Yaya ta saurare ta har ƙarshe, ta shafa kanta, ta ce Allah ya yi mata albarka. Sannan ta juyo gare ni ta ce in har aka buɗe wurin nan a haka, ita za ta koma wurin ɗanta a Tuboro, ba za ta zauna a garin da ubanta ke wulaƙanta baƙi kullum ba. Na san Yaya. Washegari na leƙa ɗakinta na ga ta sauko da zanen da ta ƙullo kaya daga Mora, ta shimfiɗa shi a kan gado.

Daga nan na rasa wurin zama. In ina gida, idona na kan zanen nan, yau an ɗora masa carbi, gobe kwanon sha. In na je sito, 'yata ce ke kallona da jajayen idanu. Sai na riƙa kai da kawowa tsakaninsu a bayan masu moto, wato 'yan acaba, har wani daga cikinsu ya fara tambayata ko sabuwar amarya na ajiye a bakin kogi.

Injiniyan ya yi mini bayani da Faransanci, yana zane da yatsa a kan tebur. Robo cikin ɗaki kawai ya sani. Bayan layin nan akwai tudu, akwai yashi, ga rana da ke kashe masa ido. Juyawar kuma dole ce, don ya koma ya tarbi na baya.

Na ce, "To ya koma da baya mana, fuskarsa na kallon ƙofa."

Ya gwada. Robo ya riƙa ja da baya a hankali yana kallonmu, kamar mai fita daga gaban lamiɗo, har ya je ya daki sikeli. Da na kai wa Yaya labari ta ce, "Baba ba bafade ba ne." Ta ɗora wani mayafi a kan zanen.

Muka sa kafinta ya yi gangara da katako a kan dokin ƙofa. Robo ya sauka lafiya, ya yi ɗan nisa, tayoyinsa suka nutse cikin yashi a gindin dogon yaro. Ya tsaya nan da fuskar mahaifina yana sanar da duniya da Faransanci cewa ya ɓata, a taimaka masa. Masu moto da ke inuwar suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce da Fillanci, "Alhaji, hau in kai ka gida!" Ni ban yi dariya ba. Na cire babbar rigata na rufe allon, muka ciccibe shi muka mayar ciki. Wannan ban gaya wa Yaya ba.

Injiniyan ya share zufa ya ce, "Papa, ka yi haƙuri, amma ko a Turai ba a raka mutum waje a gidan tarihi. Mene ne a cikin 'yan takun nan?"

Na ce masa ya zauna. Na gaya masa cewa a wurinmu zaure na kowa ne, akwai maƙwabta, akwai barori, akwai mai wucewa da ya tsaya shan ruwa. Mutumin da ya zo da abin da ke cin ransa ba zai faɗa a nan ba. Zai yi zancen damina, ya yi zancen farashin goro, ya yi sallama. Sai an fita, an bar kunnuwa a baya, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sannan ya ce, "Af, Alhaji, dama akwai wata 'yar magana." Wanda aka bari a bakin ƙofa ya koma da maganarsa a ciki. Shi ya sa Baba ba ya yarda a ce masa koma.

Ya ce a ƙauyensu ma kakarsa takan raka baƙo har mararraba, ta ɗora masa ayaba a ka. Bai taɓa kawo wa ransa cewa abin ya shafi aikinsa ba. "Amma Papa, ko na fahimta, tayar nan ba za ta taka yashi ba."

Na fita na gangara bakin Binuwai da rana tsaka, abin da mai hankali ba ya yi a Garwa. Inda jirage ke tsayawa da, yanzu yashi ne da masu wanki. Na tsaya, na kasa tsayuwa, na hau gada na sauko. Na yi tunanin in karɓo hoton, 'yata ta yi kuka ta gama. Na yi tunanin in bar Yaya ta tafi, in bi ta daga baya da ban haƙuri. Kowanne na ɗauka sai in ji ba zan iya haɗiye shi ba. Na yi ciniki da mutane cikin harsuna da yawa, na raba rigimar direbobi a kan iyaka, ga shi na kasa sasanta mata biyu da nake kwana gida ɗaya da su.

Da la'asar na koma gida. Yaya na zaune bakin gado, ta haɗa bakin zanen biyu, saura ta ƙulle. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, don gwiwata ta gaji, ba don wata dabara ba.

Na ce, "Yaya, abin nan ba shi da ƙafar fita. Mun gwada."

"To ai shi ke nan."

"Shi Baba da ƙafarsa ta mutu, yaya ya yi da baƙi? Ni lokacin ban cika zama ba."

"Ban cika zama ba," ta maimaita da muryata. "Kai da ake ganinka kamar watan sallah." Ta saki bakin zanen. Ta ce ai ko da ƙafa ta ƙi, bai yarda an bar shi a ɗaki ba. Kullum sai an ɗauko shi an ajiye a zaure, fuskarsa na kallon ƙofa. In baƙo ya miƙe, sai ya ce, ƙafa ta ƙi, a yi haƙuri, sannan ya ɗaga murya ya ce, wa ke nan? A taka wa baƙona. Duk wanda ke kusa a 'yan gida shi zai fita. Shi kuma ba ya kawar da kai daga ƙofar sai baƙon ya ɓace masa. "Kai ma in kana gari kai ake turawa. Kana tafe kana duba agogo."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce in haka ne ai robo ba sai ya fita ba. Ya tsaya a kan layinsa, ya faɗi abin da Baba ke faɗi, ya ci gaba da kallon ƙofa.

"Sannan wa zai taka wa baƙon? Ko iska za ta amsa masa?"

"Sai a samo wani."

"A samo wani. Yana da wani ɗa namiji da ya rage ban da kai? Kai da ka hana kowa sakat a gidan nan da shiga da fita, ga tafiya ta samu."

Injiniyan ya ce wannan mai sauƙi ne, zai sa robo ya tsaya har sai idonsa ya daina ganin mutum. Ɗaukar muryar ce ta ba mu wuya, don Yaya ta ce sai tana wurin. Ta zauna a kujera da sandarta tsakanin gwiwoyi, ni ina gaban makirfo. Na faɗa, ta ce na yi sauri kamar mai kiran fasinja. Na sake, ta ce yanzu kuma kamar mai roƙo, Baba umarni yake bayarwa. Na yi ta maimaitawa har injiniyan ya kifa kai a tebur yana dariya. A wani karo da na faɗa sai ta juya fuskarta wajen bango. Wannan aka ajiye.

Da aka sa wa robo sabuwar maganar, ta ce a sake mata zagayen daga farko. Aka sake. Muka zo layin, robo ya tsaya.

"Ƙafa ta ƙi, a yi haƙuri. Wa ke nan? A taka wa baƙona."

Na ce, "Ga ni, Baba." Ban shirya faɗin haka ba.

Yaya ta tsallake dokin ƙofa, ta juyo ta ce, "Koma, Baba, na gode." Yana nan yana kallonta. Muka taka, ta waiwaya a gindin dogon yaro, yana nan. 'Yata ta buɗe mata ƙofar mota, ta ce a'a, a bar ta ta ɗan taka, motar ta same mu a gaba. Muka bi gefen hanya a hankali, ina riƙe da gwiwar hannunta. Mun wuce masu moto, mun wuce mai sayar da rake, sai ta yi magana tana kallon gabanta.

"Ranar da na bar Mora ba wanda ya raka ni. Unguwar da na aurar da 'ya'yan mutane, na wanke gawarwakinsu. Kowa na ta kansa, ban ga laifinsu ba. Na ja ƙofa, na waiwaya, ba kowa a layin sai akuya."

Tun zuwanta gidana ba ta taɓa faɗin yadda ta fito ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ƙara riƙe hannunta. Da muka koma gida ta kwashe kayan da ke kan zanen, ta mayar da kwanon sha inda yake, ta ce a ɗora mata ruwan shayi.

An buɗe wurin, mutane sun zo. Yanzu kusan kullum da safe ina can, a kan kujerar roba kusa da ƙofa. In na ji muryata ta fito daga bakin mahaifina tana tambayar wa ke nan, sai in dafa gwiwa in tashi. 'Yan makaranta dariya suke yi, su ruga su bar ni. Turawa kan rasa yadda za su yi da ni, wasu su tsaya su ba ni hannu tun a bakin tudu don in koma. Amma akwai waɗanda suka san abin. Wani dattijo daga Yagwa ya ce mini koma, na ce bari dai in taka maka, muka tafi har kusa da gada, a can ya tambaye ni ko na san likitan ido na kirki, don ya fara daina gani kuma bai gaya wa 'ya'yansa ba.

Ranar da aka ɗauke wuta kuma batirin ya ƙare, allon baƙi ƙirin yake, robo na jingine a lungu, 'yata ce ke zagawa da baƙi. Ni dai ina raka su. Ta tambaye ni kwanan baya wa zai karɓe ni in tawa ƙafar ta ƙi. Na ce mata ban sani ba, kuma har yanzu ban sani ba. Ina cikin tunanin ne wasu mata biyu suka fito daga ɗakin sikeli suna gyara mayafi, sai na laluba takalmina da ƙafa a ƙarƙashin kujera.